Majigi Biyu da Maƙogwaron Jabez

Na san muryar Jabez tun kafin in san fuskarsa. Tsakanin sanin biyun kuwa sai da na haifi 'ya'yana duka, na binne biyu, na binne ubansu, haƙoran gabana suka fara yi mini sallama.

Sunana Raki, Bakanuwa ce ni ta Fagge. Ina da ɗanyen aure aka kai maigidana aikin reluwe wani gari a ƙasar Zazzau. Ba mai kulle ba ne, Allah Ya ji ƙansa, don haka na kafa kaskon ƙosai. Wata shekara 'yan Mishan suka zo da majigi filin firamare, suka ɗaura farin zane tsakanin sandunan gola, suka tayar da janareta. Labarin Annabi Isa ne, alaihissalam, wanda su suke ce wa Yesu, an juya shi zuwa Hausa. Malamin unguwarmu ya ce ba a kallon fuskar Annabi, ko da ɗan wasa ne ya ara. Maigidana ya yanke hukunci irin na ma'aikatan reluwe, gajere: ciniki halal, kallo haram. Sai na kafa kaskona na ba wa zanen baya.

Kowace yamma bayan magariba haka nake zama, ina kallon majigin a fuskokin masu sayen ƙosai. In fuskokin sun yi haske na san rana ce a can, in sun murtuke na san an zo wurin dukan. Sun ba ni labari wai Bature ne mai gashi kamar na matan Indiya, rigarsa fara ƙal, ko bayan an dake shi jinin kamar an ɗiga manja da tsinke. Ni dai murya na samu. Murya ce ta saurayi, mai sanyi kamar ruwan randa, ba ta gaggawa, ba ta tsawa. Har ƙosai na ƙona saboda ita. Abin da ya ɗaure mini kai ɗaya ne, duk faɗin ƙasar Hausa a rasa wanda za a ba wannan aiki sai Bazazzagi.

Manchester kuwa wankan jego ne ya kawo ni. Ɗana Abdurrahim likita ne, matarsa Zinatu ta haihu, aka ce in zo in yi wata uku. Jaririyar da na zo yi wa wanka yanzu tana jami'a, tana gyara mini Turanci.

Wata Asabar ina layin mahauci a Wilmslow Road, sai na ji wani a bayana ya ce, shi kaɗai, can ƙasa-ƙasa, "Wannan ai ƙashi ne, ba nama ba."

Da baya na san shi, da baya na gane shi. Ban juya ba na ce, "Bawan Allah, sake faɗa."

"Hajiya, me na ce?"

"Kai ne na majigi. Filin firamare, bayan tasha."

Da na juya sai na ga wani dogon dattijo siriri, da jakar leda da rigar sanyi ta ma'aikatan asibiti. Ya ajiye naman ya fice. Na bi shi har wurin jiran bas, ina jan ƙafata mai ciwo. Na ce, "Ɗan Mishan, ni ba a guje mini. Ka sa na ƙona ƙosai tun kana da gashi, yau sai ka biya da gaisuwa." Ya kalli titi, ya ce, "Ina wuni, Hajiya." Haka muka fara, kuma mafi yawan zancen da muka yi tun daga ranar ni na yi shi.

Abin da na tsinta na rayuwarsa a hankali na tsince shi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ubansa Ɗan'azumi manomi ne mai wa'azi ranar Lahadi. Jabez ne ke karatu a coci tun yana yaro, a nan wasu Turawa daga Jos suka ji shi suka ɗauke shi. An sa shi a wani ɗaki da aka manna wa katifu a bango, ana ba shi shayi da madara, yana bin bakin Baturen majigi da Hausa. Da majigin ya zaga ƙauyuka sai zaman lafiya ya ƙare masa. In ya taya kaza a kasuwa, mai kaza ta ce ɗauka kawai ka sa mini albarka. Tsofaffi na kawo masa jikoki masu zazzaɓi. Ko akuya ce ta ci masa dawa ba shi da damar zaginta. Da ya je zance wurin Angelina, wadda ya aura daga baya, ta ce masa ya riƙa yin shiru suna kallon juna, don in ya ce yana sonta sai ta ji kamar ta rufe ido ta ce amin.

Sai aka yi rikici a garinsu. Ba zan faɗi sunan garin ba, kowa yana da nasa. Abin da na sani a lokacin shi ne ƙaninsa Jedidiah ya mutu a ciki, shi kuma ya biyo Angelina nan, ita tana aikin nas. Ban tona ba. Ina da baki, amma na san ramin da ba a leƙawa.

Suka kama gida a Moss Side, cikin jerin gidajen nan da in maƙwabcinka ya yi atishawa kai ne za ka ce masa yarhamukallahu. Ya samu aikin tura marasa lafiya a gadon taya, daga wannan ɗaki zuwa wancan, aikin da babu mai tambayarka ra'ayinka. Bai sake karatu a coci ba. Suka haifi 'ya ɗaya, Hana. Angelina ce mai surutun gidan, ita ke yin na mutum biyu. Da ta rasu sai gidan ya zama kamar masallaci tsakanin azahar da la'asar.

Hana ta yi karatun haɗa magunguna ta koma Birmingham. Yarinya ce mai kirki da kaifin harshe, irin wadda da a ce ni na haife ta da mun kashe juna. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "zo ki ci abinci" ba, shi ma na uwarta ne. Ta taɓa ce mini da Turancinta na 'yan Manchester, "Anti Raki, zama da Daddy kamar zama da kabad ne. Ka san akwai kaya a ciki, amma ba a ba ka mabuɗi ba." Ta ce tana ƙarama ta ɗauka haushinta yake ji. Da ta girma sai ta daina ɗaukar komai, wanda ya fi muni.

Bara da sanyi ya shigo muryar tasa ta dushe. Na ce citta da kanumfari da zuma, na dafa na ba shi a kwalba. Abdurrahim ya ji shi a falonmu sau ɗaya, ya kalle ni irin kallon da likitoci ke yi wa iyayensu mata, ya ce gobe-gobe ya je wurin GP, wato likitan unguwarsu. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Suka gasa shi da na'urarsu, bai ji ba. Suka ce za su cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya, su huda masa wuya ya riƙa numfashi ta nan. Aka sa aikin a makon da ke bin Ista.

Na je duba shi. Lokacin in zai yi magana sai ka kawo kunnenka kusa, kamar ana jan buhu a kan siminti daga nesa.

"Hajiya, ina so Hana ta ji ni."

"To ka buɗe baki mana. Shekara nawa tana jira."

"Ba wannan ba. Wancan."

Ashe tun zuwansu ya ce wa Angelina ta jefar da kaset ɗin majigin. Ita kuwa, da yake mace ce mai hankali, ta ce to, ta kai wa yayarta Monica a Sparkhill, wata unguwa a Birmingham. Sai da tana gadon mutuwa ta faɗa masa. Ga shi kuma Hana ta matsa masa ya zo Juma'ar Ista, cocinsu za su nuna wani sabon fim na Yesu da ake ta magana a kai. Ya ce zai je, daga nan su wuce gidan Monica. Kuma yana so in raka shi in yi masa tafinta.

Na ce, "Kai da ka fi ni Turanci? Nawa na mahauta ne da na faɗa da jikoki."

Ya ce, "Akwai abin da zan faɗa mata. Da Hausa ya faru. Bai taɓa zo mini da Turanci ba." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Monica kunnenta ya mutu. Ke kuwa kunne ne duk jikinki."

"Da baki."

"Shi ma za a buƙata."

Abdurrahim ya ce, "Iya, coci fa za ki shiga."

Na ce, "Tsohon kantin kafet ne suke haya. Kuma kai ɗin nan a asibitin Mishan aka yanke maka cibiya, ban ga ka fito da gicciye a wuya ba." Zinatu ta shige kicin don kada mijinta ya ga tana dariya.

Muka hau babbar bas da safe. Muka sauka a Birmingham. Hana ta tarye mu ta sumbaci kuncinsa, irin sumbar da ake yi wa ambulan kafin a rufe.

Zauren yana wani lungu a bayan Stratford Road, har yanzu yana warin sabon kafet. Na ɗauki kujerata daga layin gaba na juya ta, na ba wa allon baya. Wata mata mai babban ɗankwali, matar fasto ce, ta zo da murmushi za ta gyara mini zama, ta ɗauka tsufa ne ya rikita ni. Hana ta yi mata bayani. Matar ta ce to me na zo yi? Na ce na zo ji ne. A ƙasarmu ana cewa gani ya kori ji, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa sayar da ƙosai ba.

Aka kashe fitila. Wannan sabon fim ɗin, in faɗa muku gaskiya, ba a yi shi don mai kunne ba. Kiɗa ne kamar hadari ya haɗo daga gabas, ƙasa na rawa a ƙarƙashin kujera. Magana kaɗan ce, kuma da wani yare da ko su masu kallon sai sun karanta a ƙasan allo. Mutumin da kansa da ƙyar na ji ya haɗa jimla uku a jere. Sai aka zo dukan. A majigin da, dukan bai wuce a kaɗe tabarma ba, an wuce. A nan kuwa aka zauna a kai kamar an biya su da awa. Kana jin bulalar ta tashi, kana jin ta sauka a kan abu mai jiƙe, kana jin sojojin suna haki suna dariya. Shi kuwa ba magana yake ba. Wani sauti yake yi daga ciki, irin wanda na taɓa ji sau ɗaya a mahauta, na daina zuwa da sassafe.

Na kalli fuskoki kamar yadda na saba. Maza sun sunkuyar da kai. Wata ta toshe baki ta fita da gudu. Matar fasto ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. Hana hawaye har haɓa. Jabez kaɗai ne idonsa a buɗe, bai ƙifta ba, hannayensa a kan gwiwa, jan hasken allon yana wasa a fuskarsa. Ban ga tausayi a fuskar ba, ban ga tsoro ba. Fuskar wanda ake karanta wa adireshin gidansu ce.

Da muka fito rana tana nan, mutane na sayen mangwaro da atamfa kamar ba a yi komai ba. Hana ta ce ba ta taɓa jin abin a jikinta ba sai yau. Ta kalli ubanta ko zai ce wani abu. Ya gyara maɓallin rigarsa. Na ga bakinta ya tsuke, irin na wadda ta saba.

Monica tana zaune a wani ɗan gida a saman kantin kayan amare. Ƙatuwar mace ce mai ƙaramar na'ura a kunne, tana magana kamar tana kiran wani a hayin kogi. Ta ba mu shinkafa da miyar taushe, sannan ta sauke tukunyar fulawa daga kan tsohon bidiyo, ta goge shi da gefen zaninta. Kaset ɗin yana cikin ledar burodi. Danshin ƙasar nan, wanda ya ci mini gwiwa, ya shiga cikinsa ya yi fari-fari.

Na juya kujerata zuwa taga. Na ji injin ya haɗiye kaset ɗin yana nishi. Sai Monica ta ce, "Wayyo, hoton ya mutu. Raki, juyo, babu abin da za ki gani."

Na juyo a hankali. Babu komai a talabijin ɗin sai yayyafi fari da baƙi, da wasu layuka suna hawa suna sauka. Babu Bature, babu farar riga. Karo na farko ke nan da na fuskanci wannan majigi, kuma sai da ya makance tukuna.

Amma muryar tana nan. Tana ɗan rawa kamar an jiƙa ta, sai dai ita ce, ruwan randar nan, da Zazzagancinta da komai. Na ji ƙamshin man gyaɗa a hancina.

Hana ta ce, "Wane ne wannan?"

Monica ta nuna Jabez da cokali.

Hana ta yi 'yar dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta kalli talabijin, ta kalli tsohon da ke zaune ya haɗa gwiwa. Dariyar ta tsaya a rabi. Ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da lasifika. Can ta ce, "Anti Raki, me yake cewa?"

Haka na zama tafintar 'yan Mishan da tsufana. Na ce mata yanzu labarin wani ne da tunkiyarsa ta ɓata. Yanzu yana faɗa da malamai masu dogayen riguna, kuma ya fi su baki. Yanzu ya ce a bar yara su zo, kada a kore su. A nan Hana ta kalli ubanta, shi kuwa ya kalli kafet. Turancina yana tuntuɓe yana tashi, inda ya ƙare in cika da hannu. Monica tana kuka tun kafin a zo wurin kukan, da yake ba ji take ba, ta haddace ne.

Aka matso wurin gicciye. A wurinmu ba a kashe shi ba, Allah Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Na faɗa a zuciyata, na ce Ya Rabbi, Ka san ni tafinta ce yau, ba mai shaida ba. Dukan ya zo ya wuce, fat, fat. Sai muryar ta dawo, sumul, ko haki babu, tana roƙa wa masu kashe shi gafara, tana ba su uzuri. Na juya wa Hana. Ta rufe ido.

Ni da bakina ba ya iya zama, na ce, "Kin ji fim. Na ɗazu masu bulala ne taurarinsa, an tara mutane a nuna musu yadda ake duka, kamar ba mu iya ba. Wannan kuwa mutum ne yake magana har ka ƙona abin da ke kan wuta."

Jabez ya miƙa hannu ya danna, injin ya tsaya. Ya yafito ni. Na jawo kujera har kafaɗata ta taɓa tasa.

"Na ɗazu ya fi gaskiya," ya ce. "Faɗa mata."

Na faɗa mata.

"Dukan da kuka ji a nawa, silifa ne. Wani ne yake buga shi a kan tebur, muna dariya."

Daga nan ya fara, yanki-yanki, yana hutawa, ni ina ɗauka daga bakinsa ina ajiyewa a gaban 'yarsa. Ban san abin da ke tafe ba, sai na ji shi yana fita daga bakina.

Da safe ne. Maƙwabcinsu Malam Sha'aban tela ya shigo da gudu ya ce suna zuwa, kuma sunansa suke kira, mai muryar majigi. Ba su san fuskarsa ba, ai ba fuskarsa aka nuna ba. Sha'aban ya tura shi cikin silin ya mayar da murfin, ya fita neman Jedidiah don ya kai shi gidansa. Sun yi saɓani. Jedidiah ya shigo ta baya, ya sa sakata. Shi da Jabez kuwa murya ɗaya gare su, ko uwarsu sai ta leƙa take bambancewa. Da aka buga ƙofa, Jedidiah ya ce daga ciki, "Babu kowa, ku yi haƙuri." Sai wani a waje ya ce, "Shi ne. Muryar ce."

Hana ta ce, "Su wa?"

Ni ta tambaya, ba shi ba. Na ce, "Mutanena." Ban ƙara da cewa Sha'aban ma nawa ne ba. Ta ji da kunnenta, kuma ba ranar wanke kai ba ce.

"A tsakar gida suka yi," in ji Jabez. "Ina sama, ina ji. Wanda ake kashewa ba ya haɗa jimla, Hajiya. Sautin da kika ji ɗazu, shi ne. Wanda ya yi fim ɗin nan ya taɓa ji, ko an faɗa masa." Ya tsaya har na ɗauka ya gama. "Jedidiah ya kira Inna. Ya ce ruwa. Bai ce ba ni ba ne. Ina jira ya faɗa, bai faɗa ba. Ni kuma ƙura ta shiga mini maƙogwaro, tari ya taso. Da na yi tarin nan da sun san akwai wani. Na haɗiye shi."

Na juya wannan ma. Turancina bai taɓa yin tsabta kamar lokacin ba, kuma ban gode masa ba.

Ƙasa a titi wata mota tana ta hon. Monica ta daina kuka, tana kallon bakunanmu. Hana ta daɗe tana murza zaren kafet. Sannan ta nuna talabijin da haɓa ta ce, cikin Turanci, kai tsaye gare shi, "Abin da ka faɗa a can. Ka yafe musu?"

Ya jawo hannun rigata. "A majigi na iya. Na maimaita har Baturen ya ce ya yi kyau, aka ba ni shayi. A waje ban iya ba. Na gwada kowace Ista. Ban iya ba."

Monica ta gane daga fuskarsa, ta yi mini ido, irin na a sassauta. Kuma da sauƙi ne in ce yana ƙoƙari, wa zai kama ni? Amma mutumin da ya rage masa 'yan kalmomi a duniya ba a yi masa canji a kansu. Na faɗa mata yadda ya faɗa.

Na ɗauka za ta rungume shi, yadda suke yi a talabijin ɗin ƙasar nan. Ba ta yi ba. Ta ja gwiwa zuwa bidiyon, ta mayar da kaset ɗin baya, can wurin tunkiya. Ta saurara, kanta a sunkuye.

"Ke nan haka muryar Uncle Jedidiah take," ta ce.

Ya gyaɗa kai.

"Shi ya sa ba ka magana," in ji Hana.

Wannan ban juya wa kowa ba, duk mun ji. Ta matsa ta jingina bayanta da ƙafarsa, suka bar kaset ɗin yana tafiya. Ni na tashi na je na wanke wa Monica kwanuka, abin da ban taɓa yi wa surukata ba.

An yi aikin. Yanzu akwai rami a wuyansa da yake rufewa da ɗan farin ƙyalle kamar na jarirai. Sun ba shi wata na'ura da ake dannawa a wuya ta yi magana, ƙararta kamar askar wanzamin zamani. Ya gwada sau ɗaya, na ce masa ko Bazazzagi bai cancanci wannan ba, ya jefa ta a durowa. Da kaka ta shigo likitoci suka ce ciwon ya sauka huhu. Ba su sa rana ba, amma sun nuna hanya.

Hana ta kai kaset ɗin an kwafe mata sautin a waya. Duk Juma'a tana hawowa daga Birmingham ta kwana biyu a Moss Side. Da sautin nan take koyon Hausa, don haka Hausarta ta fito irin ta wa'azi, ta tsofaffin Zazzau. Rannan ta ce mini, "Haƙiƙa ina gaya miki, shayi ya ƙare." Na ce Allah Ya isa tsakanina da ubanki, duk Kanawan da ke garin nan.

Ya ji, kafaɗunsa suka girgiza, iska ta fito ta ƙyallen. Dariyarsa ke nan yanzu.

Ban sani ba ko ya yafe. Ba na tambaya, kuma in ya yi niyyar faɗa babu abin faɗa da shi. In Hana ta kunna wayar a kicin tana bin muryar kalma-kalma, yakan tashi da ƙyar ya juya kujerarsa ta fuskanci bango. Farkon da ya yi haka ta miƙa hannu za ta kashe. Ya ɗaga yatsa, bai juyo ba, ya yi mata alamar ta bari.

Na ce, "Ɗan Mishan, zaman nawa ka sata."

Na jawo tawa kujerar kusa da tasa, muka ba wa kicin baya mu biyu.